Rajistar dole a shafukan kamfanoni: abin da doka ta tanadar wa abokin ciniki

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ɗan kasuwar da ke son sayen kaya daga Legas ta intanet da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ke neman littafi sukan ci karo da shinge iri ɗaya. Shafin kamfanin ba zai bar su su kammala ciniki ba sai sun buɗe asusu, sun ba da suna da lambar waya da adireshin imel, wani lokaci har da ranar haihuwa.

Irin wannan rajista kashi biyu ce. Akwai wadda hukuma ta wajabta, kamar ta bankuna, inda Babban Bankin Najeriya ya shardanta haɗa asusun ajiya da lambar BVN ko ta NIN domin daƙile zamba da halatta kuɗin haram. Akwai kuma wadda kamfani ya ƙirƙira don amfanin kansa. Asusu yana ba shi damar sanin abin da mutum ya saya da abin da ya leƙa bai saya ba, sannan ya riƙa aika masa talla. Shi ma abokin ciniki yana samun sauƙin bibiyar kayansa da shigar da koke, sai dai bayanansa ne ladan da ya biya.

Haɗarin yana bayyana ne idan bayanan suka fita daga hannun kamfanin, ko aka yi amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. 'Yan Najeriya da dama sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun wasu manhajojin ba da rance, waɗanda suka kwashi lambobin da ke wayar mai karɓar bashi a lokacin rajista, daga baya suka riƙa tura wa danginsa saƙonnin tozarci. A 2023 kamfanin Google ya haramta wa irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta taƙaita abin da kamfani zai karɓa ga iya abin da aikin ke buƙata, ta kuma wajabta masa bayyana dalilin karɓa. Mai sayar da takalmi yana buƙatar adireshin da zai kai kaya, amma ba shi da hujjar neman lambar BVN.

Mai bayanai yana da ikon neman a nuna masa abin da aka adana a kansa, a gyara kuskure, ko a goge. Yana iya janye amincewarsa, ya kuma ƙi saƙonnin talla. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane, wajibi ne kamfani ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Hukumomi sun fara nuna da gaske suke. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Kafin a cike kowane gurbi, ya kamata a duba ko shafin yana ba da damar saye ba tare da asusu ba, a kuma bar guraben da ba dole ba. Kada a maimaita kalmar sirri ɗaya a shafuka da yawa. Wanda aka buɗe wa asusu a shagon intanet ya sauya kalmar sirrinsa da ya koma gida. Idan kuma kamfani ya ƙi goge bayanan da aka nema, ƙofar NDPC a buɗe take don karɓar koke.