Daga Kurmi Zuwa Wasai: Tarihin Da Ruwan Jakara Ke Ɗauke Da Shi

Kano ba ta da teku, ba ta da tashar jiragen ruwa. Sai dai tana da Jakara, rafin da ya taso daga tsakiyar birni ya nausa arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Ungogo har ya zube a madatsar Wasai da ke Minjibir. Wanda ya daure wa ɗoyi ya bi gaɓarsa da ƙafa, zai karanta tarihin sana'a da masana'antun Kano daki-daki, zai kuma ga waɗanda aka bar wa biyan bashin wannan tarihi.

Mafarin tafiyar shi ne Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15 a gefen Jakara. A nan ayarin fatake ke sauke gishiri da kanwa, su ɗauki turkudi da jan fata zuwa hamada. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar da Jakara fadama ce a tsakiyar gari, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Yau an ɗaure rafin da kankare, an shimfiɗa titi a kan wani sashensa, har yaro ya girma a unguwar bai san ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Da rafin ya fita ganuwa, sai ya shiga wani zamanin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya karkatar da ciniki daga hamada zuwa Ikko. Tashar jirgin ƙasa da manyan sito-siton kamfanoni suka zama gaɓar tekunmu, dalar gyada ta tashi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Daga baya aka keɓe Bompai don masana'antu: masaƙu, majemu, injinan matsar gyada. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje, da yawansu sun rufe. Mai tafiya zai ga ƙofofi sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe dogon da a da ke kai tarago bakin sito.

Daga Bompai ne rafin Getsi ke kwaso ruwan masana'antu ya haɗe da Jakara, wanda shi ma ya riga ya sha ƙazantar lambatun birni. Daga mahaɗar nan gine-gine ke fara ja da baya, gonaki su karɓi wuri. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin saura. Da rani, manoman lambu na jan wannan baƙin ruwa da injin ban-ruwa su shayar da latas, alayyafo, karas da tumatir. Binciken masana, ciki har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna akwai ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar, irin su dalma da kuromiyam ɗin da ake jima da shi. Washegari kayan lambun nan su koma kasuwannin birni. Abin da muka zubar, shi muke saye mu ci.

Ba manomi ne mai laifi ba. Madatsar Wasai, da aka gina a shekarun 1970, don noman rani da kamun kifi aka yi ta, kuma wanda ba shi da rijiya ba ya zaɓen ruwa. Birni ya ci riba, ƙauye ya gaji dagwalo.

Abu biyu ya kamata a yi. Na farko, a tilasta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, a kuma riƙa auna ruwan Wasai ana sanar da jama'a sakamako. Na biyu, hukumar tarihi da al'adu ta jiha ta lissafa tsofaffin sito da masaƙun da suka rage kafin a mayar da su shaguna, makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai su bi rafin daga Kurmi zuwa Wasai. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga launin ruwan da ake shayar da latas ɗinsa, da wuya ya yi shiru idan ya girma.