Jirage biyu a bakin ƙanƙara: dabara ta fi ƙarfi

Manomin Ollelewa ya san ƙanƙara, wadda kan zubo tare da ruwan damina ta yayyaga ganyen hatsi. Amma can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, teku ne da kansa yake daskarewa, kaurin ƙanƙararsa ya kai mita 2 ko 3. Idan iska ta tura waɗannan manyan falaye, jirgin da ya shiga tsakaninsu sai su matse shi kamar awartakin maƙeri.

Haka ta faru da jirgin Endurance na Ernest Shackleton, mutumin Birtaniya. A watan Janairu na 1915 ƙanƙara ta kama shi a tekun Weddell. Jirgi ne mai ƙwari, amma gefunansa kusan a miƙe suke, sai ƙanƙara ta sami wurin dafawa. Ta yi ta matsa har katako ya tsage, ya nutse ran 21 ga Nuwamba. Mutanensa 28 sun tsira bayan baƙar wahala. Sai a 2022 aka gano gawar jirgin, a zurfin mita 3,008.

Fram kuwa, wanda Colin Archer ya ƙera wa Fridtjof Nansen a ƙasar Norwe a 1892, an yi masa ciki kamar ƙwarya. Duk wanda ya taɓa matse jiƙaƙƙen ƙwallon aduwa tsakanin yatsu ya san yadda yake suɓucewa. Haka Fram: ƙanƙara na matsawa, shi yana tashi sama. Daga 1893 zuwa 1896 yana cikinta, ya komo gida lafiya.

Maƙeran jirage na yau sun riƙe wannan darasi. Da yake bugun ƙanƙara a ɗan ƙaramin wuri yake taruwa, sukan ƙara kaurin ƙarfe daidai inda ruwa ya tsaya a jikin jirgi, su kusanta haƙarƙarinsa. Jirgi mai buɗe hanya kuma hawa kan ƙanƙara yake yi, nauyinsa ya karya ta. Tun 1 ga Janairu 2017, dokar Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya ta wajabta wa manyan jiragen waɗannan tekuna takardar shaidar cancanta.

Zancen ya shafi ɗan kasuwa, domin yawancin hajar waje da ke isowa Damagaram da Tanut ta fara hawa jirgin ruwa. Hanyar arewacin Rasha ta fi ta Suwes gajarta tsakanin Sin da Turai, amma ribarta tana rataye da ƙwarin jikin jirgi.