Kafin a Haƙa Rijiyar Ikilisiya, a Auna Ƙasa Tukuna

Sau da yawa ikilisiya takan tara baiko shekara guda cur domin rijiyar burtsatse, a haƙa, a tarar da busasshen rami. Alhali kuwa akwai hanyar auna ƙasa tun ba a taɓa kuɗin ba.

Busasshen rairayi ba ya barin wutar lantarki ta ratsa shi, amma in ya jiƙe sai ta wuce, gama gishirin da ya narke cikin ruwan ne ke ɗaukarta. Masu awo sukan kafa ƙarafa huɗu a jere. Biyu na gefe su tura wuta daga batir, biyu na tsakiya su auna. Iyakar nisan da aka ba na gefen, iyakar zurfin da awon zai kai. Lissafin da ke nuna yawan ruwan cikin rairayi kuwa, wani injiniyan kamfanin Shell a Amurka, Gus Archie, ya fito da shi a 1942, ko da yake shi man fetur yake nema.

Sai dai fa a lura. Yumɓu ma yana wuce da wuta ƙwarai, ga shi ba ya sakin ruwa. Ruwan zartsi ma haka yake ruɗin na'urar. Dattawan kwamiti su tambayi mai awon yadda ya bambanta waɗannan kafin su sa hannu.