MAƘOƘO: BA KOWANNE NE GISHIRI KE MAGANINSA BA

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko, da yawanmu mun tashi muna ganin mata masu maƙoƙo a kasuwannin ƙauye. Wancan maƙoƙon galibi na ƙarancin sinadarin aidin ne cikin abinci, kuma ya ragu ƙwarai tun da Gwamnati ta wajabta sa aidin cikin gishirin miya a 1993. To, amma akwai wani irin da gishiri ba ya yi masa magani, ya kuwa fi kama mata.

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. Shi ke fitar da ruwan da ke tafiyar da zafin jiki da bugun zuciya da narkewar abinci. Wani lokaci sojojin jiki masu yaƙi da cuta sai su juya su auka masa, har ya kasa aikinsa. Wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1912, ana kiransa da sunansa har yau. Mai shi sai ta yi ta kasala, tana jin sanyi ko da ana zafi, gashi na zuba, ga ƙiba, ga rikicewar al'ada, bayan gida kuma ya yi tauri. Wannan na ƙarshen shi ke ɓad da mutane. Sai a ce basir ne, a tafi Jankara ko Agege a sawo sassaƙe da jiƙo, a shekara ana sha, ciwo yana nan. Akwai kuma kishiyarsa, inda tayirod ke wuce kima, a ga rama da faɗuwar gaba da firfitowar ido. Wannan maganinsa dabam ne.

Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabe su. Mutanen Agege ga asibitin koyarwa na Jihar Legas a Ikeja, na Idi-Araba kuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana bakin ƙofarsu.

Idan aka tabbatar tayirod ya gaza, likita kan ba da wata 'yar ƙwaya, lebotayirosin, wadda ɗaya daga sunayenta a kemis shi ne Euthyrox. Kullum ake shanta, galibi har iyakar rai. A nan ne maganar abinci ta shigo, domin ƙwayar nan tana da tsirfa. Hanji ba ya tsotse ta sosai in ta tarar da abinci a ciki. Ƙa'ida ita ce a sha ta da ruwa zalla, ciki ba kome, a dakata minti 30 zuwa awa guda kafin a karya. Wanda ya haɗiye ta da asuba, nan take ya zauna teburin mai shayi ya kora da madara da burodin Agege, lalle ya rage mata ƙarfi da hannunsa. Kofi ma haka, awara da kunun waken soya ma haka. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, da ta ƙarfin ƙashi, da farin maganin ƙwannafi na ruwa, waɗannan sai a ba su tazarar awa 4. Da azumi kuwa, ko dai a tashi da wuri a sha kafin sahur, ko a bari sai za a kwanta, bayan awa 3 da cin abinci. Mace in ta sami ciki kada ta daina, ta hanzarta zuwa wurin likita, don yawanci ƙari ake yi mata.

Ciki kansa ma yana da nasa. Ƙwayar cutar helikobakta mai haddasa olsa tana iya hana maganin shiga jini yadda ya kamata. Haka nan akwai 'yan kaɗan da hanjinsu ba ya ɗaukar alkama sam. Saboda haka wanda yake kiyaye ƙa'ida amma gwaji bai gyaru ba, ya roƙi likita ya duba cikin. Amma fa masu cewa kowa ya bar burodi da taliya zai warke, ban ga dalilinsu ba. In gwaji bai nuna alkama na cutar mutum ba, wahalar banza ce ga mai neman na tuwo.

Ana kuma tambaya a kan garin rogo da gero. Gaskiya ne rogon da bai jiƙu ya tsumu sosai ba yana da dafin da ke tare wa aidin hanya, kuma bincike a Darfur ta Sudan ya danganta yawan cin gero da maƙoƙo. Sai dai galibi wannan a inda aidin ya yi ƙaranci ne. Mai miya da gishirin zamani ba sai ya rabu da fura ko teba ba. Abin tsoro a gare shi ma shi ne yawan aidin. Babba maikurogiram 150 yake bukata a yini, mai ciki 250, kuma wuce kima yana tsananta ciwon Hashimoto. Don haka ƙwayoyin ganyen teku da 'yan talla ke yawo da su cikin mota, wai na wanke ciki da gyaran wuya, kada a saya sai an nuna wa likita kwalbar.