Wa zai rubuta tarihin matan Adar?

A wannan karon, maganar zubi da rance za ta ɗan jira, don muna da labarin wata ɗaliba da ya kamata kowace ƙungiya ta ji.

A 1988 wata Ba'amurkiya mai suna Barbara Cooper ta sauka Maraɗi. Tana karatun digirin digirgir a fannin tarihi a jami'ar Boston. Takardun da kumandan-kumandan na Faransa suka bari cike suke da zancen sarakuna da haraji da gyaɗa, mata kuwa sai jefi-jefi. Sai ta bi gida-gida tana zama da mata, tana jin labarin rayuwarsu da Hausa: aure da saki, kayan ɗaki, biki, kulle, da yadda mace ke neman na kanta. Daga bakin waɗannan mata ta fitar da littafi a 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989. Daga baya ta zama farfesa a jami'ar Rutgers.

Irin wannan karatu yana yi wa tarihi tambaya biyu: ina mata suke a ciki? Kuma bakin wa aka ji, na mai mulkin mallaka ko na wanda aka mallaka? Ku duba Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Mutanenta ne suka riƙe labarinta a ka, har Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986.

To mu fa, nan Allakaye da Buza da Madawa? Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara tun 1975. Amma wa ya rubuta na iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun daga 1984, lokacin da maza suka tafi cin rani? Mata Masu Dubara ma ta soma ne a jihar Maraɗi a 1991, kuma waɗanda suka fara zubi cikin akwati yau tsofaffi ne. Duk wadda ta rasu, ta tafi da abin da ta sani.

Ga shawararmu. Ranar zubi, a ba tsohuwa guda minti goma ta ba da labarinta, wata ɗiya ƴar lakwal ta rubuta ko ta naɗa a salula, da yardar mai labarin. Kada a jefar da tsofaffin littattafan asusu, su ma shaida ne. In an zo rabon riba kuma, a tuna da kuɗin karatun ɗiya mace. Wataƙila wadda ke riƙe mana alƙalami yau, ita ce za ta je jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta rubuta namu da hannunta.

Allah ya ba mu ikon yi.