Numfashin Inji: Yadda Fistan ke Juya Ƙafar Babur

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Zuru da hantsi zai ga 'yan kabu-kabu na shigowa daga Dabai ɗauke da buhunan dawa, ga kuma ƙarar injin niƙa na tashi daga wani lungu. Da za a tambayi ɗalibai abin da ke tafiyar da waɗannan injuna, kusan duka za su ce mai ne. Sun faɗi gaskiya, amma da saura. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sarai, sai inji ya zuƙi iska kimanin lita 9,000, wato kusan abin da baligi mai hutawa ke shaƙa a kwana guda. Abin da injin ke nema cikin iskar kuwa shi ne abin da huhun ɗan Adam ke nema, wato oksijin.

Aikin duk a cikin silinda yake, wani bututun ƙarfe mai rufaffen kai. A cikinta fistan ke hawa da sauka kamar taɓarya a turmi, sai dai shi ya cika ramin tam, da zobba a jikinsa don kada iska ta sulale. A saman silindar akwai ƙofofi biyu da kanikawa ke kira bawul, ta shiga da ta fita, sai kuma fulogi.

Motsi huɗu fistan ke yi. Da farko ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, iska gauraye da fetur ta faɗa ciki, kamar dai yadda ƙirji ke buɗewa iska ta cika huhu. Sai ƙofar ta rufe, fistan ya hau ya matse haɗin har ya koma wajen kashi ɗaya cikin tara na girmansa. A nan fulogi ke ba da tartsatsi. Wuta ta kama, zafi ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, iskar ta kumbura ta tunkuɗa fistan ƙasa da ƙarfin gaske. Wannan motsi na uku kaɗai ke samar da ƙarfi, sauran ukun guminsa suke ci. A na huɗu fistan ya sake hawa, ya kori hayaƙi ta ƙofar fita zuwa salansa.

Hawa da saukar nan karanshaf ke mayar da shi juyi, kamar yadda takun tela ke juya keken ɗinki. Idan inji na juyi 3,000 a minti guda, fulogi na tartsatsi sau 25 a kowace daƙiƙa. Bajamushe Nikolaus Otto ne ya ƙera inji mai wannan tsari a 1876. A 1897 Rudolf Diesel ya kammala nasa marar fulogi, wanda ke matse zallar iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi.

Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin fetur ne ke zama motsi, saura zafi ne da ke salwanta. Kada a raina injin, domin tsokar mutum ma iyakarta ke nan. Mutum na rage zafinsa da gumi, babur kuwa da fikafikan ƙarfen da ke jikin silindarsa.

Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska, sai numfashin inji ya sarƙe, ƙarfinsa ya ragu, ya yi ta shan mai. Wasu direbobi sai su cire matatar ɗungurungum, alhali ƙurar da za ta shiga goge zobban fistan take yi har inji ya fara shan baƙin mai.

Ƙarancin iska na da wata illa da ta fi wannan. Man da bai ƙone sarai ba na fitar da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, kuma ko lafiyayyen inji na fitar da ita. Sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin ya fi kama ta fiye da sau 200 bisa yadda yake kama oksijin. Shi ya sa janareton da aka kunna a ɗaki ko a rufaffen zaure kan hallaka mutanen gida suna barci. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri da kasala, kuma wanda ya nuna su a fitar da shi fili nan take, a garzaya da shi asibiti.