Raunin mazakuta: abin da ke rumbun Tsiga ya fi abin da ke cikin kwalba

Ranar kasuwa a Bakori ko Funtuwa ba a rasa motar mai magani da lasifika a kanta, yana ta kwarara zancen basir da sanyi, yana kiran maigida ya zo ya gyara gidansa. Dattijo zai ratso ta bayan motar, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya jefa kwalba a aljihu, ya wuce kamar ba shi ba. Ciwon da ya kawo shi ba a ambatar sunansa a majalisa. A Tsiga da ƙauyukan da ke kewaye da ita sai dai a ce basir ya yi wa wane yawa, ko kuma a ce sammu ne.

A wajen mafi yawan mazan da suka haura arba'in, matsalar ta hanyoyin jini ce. Idan sha'awa ta motsa, jiki yana sakin wani sinadari mai suna naitirik okzayid, shi ke sa hanyoyin jini su saki su buɗe, jini ya cika gaba. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998, shekarar da ƙwayar ƙarfin maza ta Viagra ta shigo kasuwa. Faɗin hanyoyin jinin gaba bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Duk mai noman rani ya san siririn tiyo ne laka ke fara toshewa. Haka kitse da hawan jini da sukari ke fara ɓata ƙananan hanyoyin kafin manya, shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Kimanin rabin maza masu ciwon sukari suna fama da raunin gaba. Mutumin da ke ta shan jiƙon basir alhali sukari ne ke cin sa, lokacin da ya kamata a tarbi ciwon yake ɓatawa.

Ko gyaran abinci na iya dawo da abin da ya tafi? A 2004 likitoci a birnin Nafoli na Italiya sun wallafa bincike kan maza 110 masu ƙiba da raunin gaba. Rabinsu an sa su rage ci da yawaita motsa jiki har shekara 2. Mutum 17 cikin 55 suka dawo daidai ba tare da ƙwaya ba. A ɗaya rabin kuwa 3 kacal. Ba kowa ne ya warke ba, kuma ba a mako guda ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, abincin da likitoci ke kwaɗaitarwa a kai mu ke noma shi. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta yi suna wajen noman masara da dawa da waken suya, amma dubi abin da ke faruwa a tsakar gida. A surfe masara tas, a wanke, dusar da ke ɗauke da amfanin a zuba wa raguna, maigida ya ci farin tuwo. Da safe ya zauna teburin mai shayi, a zuba masa sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, ya haɗa da burodi. Da rana taliyar leda da lemon kwalba. Miya kuwa an kori daddawa, an cika ta da ɗunƙule, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin ɗunƙulen. Manomin da a da yake taka sawu zuwa gona yanzu babur ke kai shi ko da masallacin unguwa.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe ƙwarai ba, a rage malmala a ƙara miya. Wake da awara da gyaɗa su riƙa maye gurbin kitse da soye-soye. Kwaɗon zogale da rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, tumatir, gwaba da gwanda, a samu kamar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Kifi idan hali ya yi. Kankana na da sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen buɗe hanyoyin jini, amma kaɗan ne, ba ta kai magani ba. Kunun aya da dabino da zuma abinci ne mai kyau ga mai lafiya; mai ciwon sukari da ya ɗauke su maganin maza, wuta yake ƙara wa ciwon.

Abinci kaɗai ba ya isa idan ana busa sigari ko ana haɗiyar tiramol. Damuwa ma na kashe sha'awa, balle a yankin da mutane ke kwana cikin fargabar 'yan bindiga. Wasu magungunan hawan jini kan kawo rauni, sai dai ba a daina su da ka. Likita ake gaya wa ya canza.

Kwalbar kasuwa kuma haɗarinta babba ne. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan kayan ƙarin ƙarfi da ake tallatawa da sunan na itatuwa, amma an cusa musu sinadarin Viagra a ɓoye ba tare da awo ba. Idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji irin na naitiret, jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya sheƙa lahira. Idan kuwa miƙewar gaba ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, a garzaya asibiti, musamman ga mai sikila.

Maigida, idan abin ya kai wata uku yana maimaituwa, je Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi a gwada maka jini da sukari, ka faɗa wa likita gaskiya ba kwana-kwana. Idan ta kama, zai tura ka wajen ƙwararrun mafitsara a asibitin koyarwa na Shika. Uwargida, ke ma ki taya shi: ki rage ɗunƙule da mai, ki dawo da daddawa da ganye cikin tukunya.